Ɗanmusa Mai Ɗaura wa Mota Ɗamara

A Jurf, wata unguwa a gefen Madina, can bayan gonakin dabino, akwai wata rumfar kwano da mutanen unguwa suka daɗe suna kira warshar Ɗanmusa, wato garejinsa. Ba warshar kasuwa ba ce, domin mai ita ma'aikacin filin jirgi ne, sai bayan la'asar da ranakun hutu yake buɗe ta. Tsawonta taku goma sha huɗu, faɗinta taku takwas. A ciki akwai ramin duba ƙarƙashin mota, da injin walda, da wani benci na katako da ya sha mai har ya koma baƙi.

Sunansa na yanka Ƙasimu, amma ba a ganin wannan suna sai a takarda. An haife shi a 1929 a wani ƙauye kusa da Al-Ubayyid a ƙasar Sudan, lokacin da iyayensa ke kan hanyar Hajji da ƙafa daga ƙasar Haɗejia. Shekara goma sha ɗaya suka ƙara a hanya, suna tsayawa su yi noman auduga su tara guzuri su ƙara gaba, kafin su ƙetare teku daga Sawakin. Da suka sauke farali suka zo ziyara Madina, mahaifinsa Malam Musa ya ce shi kam ya iso inda za shi, ba zai ƙara ɗaga ƙafa ba.

A garejin manyan motocin alhazai Ɗanmusa ya koyi aiki, zamanin da hanyar Jidda zuwa Madina ta Badar ba ta san kwalta ba. Wanda bai ga motocin nan ba ba zai gane irin wahalar da suka sha ba. Motar da aka ƙera don tan uku, sai a ɗora mata mutum arba'in da akwatunansu na ƙarfe, da buhunan gero, da garwar ruwa, ta shiga rairayi da duwatsu kwana uku. Saboda haka makanikan garejin suna da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta. Duk sabuwar motar da ta zo, kafin ta yi tafiyar farko sai an ƙara mata falle biyu a kowane sifirin, a liƙa farantin ƙarfe a duk inda ƙashinta ya yi siriri, a ɗaura mata bamba ta ƙarfen dogo gaba da baya, a kafa mata tankin ruwa. Hausawan garejin suna kiran wannan aiki ɗamara. A wurinsu motar da ta fito daga masana'anta ba a gama ta ba tukuna, sai ta zo hannunsu.

Ɗanmusa ya zama gwani a ɗamara. Yakan kwanta ƙarƙashin mota ya bi ƙashinta da yatsa, ya ƙwanƙwasa da sifana ya saurara, ya ce nan ne za ta karye, kuma nan ɗin ne. Da jiragen sama suka karɓe jigilar alhazai, ya koma filin jirgi a 1974, yana gyaran ƙananan taraktocin da ke jan kurayen kaya. Can ma bai bar halinsa ba. Kurayen da aka yi don akwatin Bature suka gamu da jarkokin zamzam da darduman alhazai, suna ta karyewa, har sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura musu ɗamara. Ba mai yawan magana ba ne, amma idan hira ta yi daɗi yakan faɗi abu ɗaya: shekara arba'in, ba motar da ta fita hannunsa ta karye a hanya.

Ɗansa na fari Sabiru ne, kuma da yake Ɗanmusa tarbiyyar mutanen Haɗejia ya samu, bai taɓa faɗin sunan nan da bakinsa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba yana jariri, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Idan dole ta kama, sai ya ce "wancan", ko "ɗan gidan nan". A Madina kuwa akasin haka ake yi. Larabawa da sunan ɗan fari suke girmama mutum, a wurin aiki kowa Abu Sabir yake ce masa, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar an tona masa asiri. Matarsa Innayatu haifaffiyar Madina ce, ba ta ɗauki wannan kunya ba, tana ƙwala wa ɗanta kira har maƙwabta su ji. Ita ce ta zama gada. Abin da uba ke so ya faɗa, ita zai gaya wa. Abin da ɗa ke so ya amsa, ita zai gaya wa, da Larabci, domin Sabiru yana jin Hausa sarai amma bakinsa ya fi sakewa da Larabci.

Sabiru ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna rungume 'ya'yansu a bakin makaranta. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa shirun ubansa ba ƙiyayya ba ce. Da ya samu aiki a ofishin lodin jirage, ya yi aure, ya kama gida a unguwar Khalidiyya, sai zuwansa Jurf ya koma na Juma'a kawai. Ya gaida mahaifinsa daga bakin ƙofa, ya wuce wurin uwarsa. Ɗanmusa yana jin muryarsa ta bango, ya ƙi tashi daga benci.

A shekarun nan wasu ma'aikatan filin jirgi sun share wani fili gabas da shingen filin, a wajen iyakar harami, inda Turawan da ke aikin shimfiɗa titin jirgi za su iya zuwa. Suka kewaye shi da tsofaffin tayoyi da duro, zagaye ɗaya kilomita ɗaya da ɗari biyu. Lokacin sanyi, ranar Alhamis bayan la'asar, sai a taru a yi tseren ƙananan motoci. Ba kyauta ba komai, sai suna. Sabiru ba ya fashin zuwa kallo. A nan ya saba da wani injiniya Bature wanda ya yi odar motar tsere daga ƙasarsu, irin wadda ake aiko ta gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa. Kafin ya buɗe akwatunan aikinsa ya ƙare, ya bar wa Sabiru su ya tafi.

A watan Maris na 1983 akwatuna uku na katako suka iso Jurf. Sabiru ya gaya wa uwarsa cewa gidansa na Khalidiyya a bene yake, wurin ajiya kawai yake roƙo. Innayatu ta isar. Washegari ta sami Ɗanmusa ya ɓalle murafen ya jera kayan a kan tabarma. Ƙashin motar na siraran bututu ne, mutum biyu za su ɗaga shi. Jikinta ba ƙarfe ba ne, wani abu ne ja mai kama da roba mai tauri, idan ka ɗaga shi a rana sai ka ga haske ta cikinsa. Akwai jakunkunan kusoshi da lambobi a jiki, da littafi na Turanci mai zane-zane. Ɗanmusa ba ya karanta Turanci, amma zane bai taɓa gagararsa ba.

Ranar Alhamis Sabiru ya zo ya tarar an riga an ɗora ƙashin a kan duro huɗu. Ya tsaya a bakin rumfa. Uban bai ɗago ba, ya ce wa iska, "A miƙo sifana sha uku." Sabiru ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo.

Haka suka fara, haka kuma suka ci gaba wata biyar. Suka je wurin masu tarwatsa motocin haɗari a hanyar Tabuk, suka samo injin ƙaramar motar Jamus ɗin nan mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya ta. Suka kwance shi har ƙwaya, suka wanke da kananzir, suka mayar. Magana ba ta wuce a miƙo, a riƙe, a ɗan sassauta. Amma Sabiru ya koma zuwa sau uku a mako, har wata rana ya zauna a ɗaya gefen bencin ya sha shayi, uban yana wannan gefen yana kallon bango. Tun da aka haifi yaron nan ba su taɓa daɗewa wuri ɗaya kamar haka ba. Ɗanmusa bai gaya wa kowa ba, amma Innayatu ta lura tun azahar yake fara leƙa hanya.

Sai lokacin Hajji ya zo. Jirage na sauka ba ƙaƙƙautawa, 'yan ofishin lodi a can suke kwana, Sabiru ya yi mako bakwai bai taka Jurf ba. Ɗanmusa shi aikinsa na safe ne. Kullum da la'asar ya shiga rumfa ya zauna yana kallon motar, kullum kuma hankalinsa na ƙara tashi. Ya bi bututun da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara. A ganinsa masu ƙera ta rowa suka yi, suka aiko rabin mota. Kuma a cikin wannan kejin kaji ɗansa zai zauna ya taka totur har ƙasa. Ya duba zanen littafin, ya ga wurare da dama da babu komai, ya ɗauka nan ne aka bar wa makanike ya cika.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya shimfiɗa mata farantin ƙarfe a ƙasa daga hanci har wutsiya. Ya ninka bututun gefe. Ya kafa baka mai kauri bisa kan direba, da sanda a gaban ƙafafunsa. Ya canza sifirin ya sa na a-kori-kura. Ya ɗaura bamba gaba da baya. Ya liƙa faranti a inda injin ke zama a kan ƙashi. Har wurin tayar safaya ya yi mata, da maƙalin jarkar ruwa, domin bai taɓa sakin mota ba ruwa a jikinta ba. Ya goge waldar ta yi sumul, ya shafa fenti. Aiki ne mai kyau, duk wanda ya san walda zai faɗi haka.

Da Sabiru ya dawo ya daɗe yana zagaya motar. Ya dafa bambar gaba, ya gwada ɗaga ta, ba ta motsa ba. Ya ce masha Allah. Bai san yadda ake gaya wa mutumin nan ya yi kuskure ba.

Ranar Alhamis, goma ga Nuwamba, aka yi tseren farko, mota bakwai, zagaye goma. Da aka sauke tuta shida suka tashi kamar an harba su, ta Sabiru ta bi bayansu tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. A kwana sai ta ƙi juyawa, sai ya taka birki tun daga nesa. Na gaba ya zagaye shi sau biyu. Matasan da ke zaune kan motocinsu suka sa mata suna Dabbaba, wato tankar yaƙi, suna tafa mata duk sanda ta wuce.

Ɗanmusa na tsaye can gefe, hannu a baya, bai ji zafin komai ba. Abin da ya gani shi ne mota biyu sun mutu a hanya, ɗaya tayarta ta fice, tasa kuwa ta gama zagaye goma ko kusa ɗaya bai kwance ba. Ya koma gida da farin ciki, har ya tsaya ya sayo wa Innayatu rumman.

Washegari bayan sallar Juma'a ta ajiye masa abinci ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce Sabiru ya zo da safe. Ya ce a gode wa Baba ƙwarai, ya sha wahala. Amma akwai wani Baturke mai warsha a unguwar masana'antu, shi ke gyara wa waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu, ranar Asabar zai turo motar jan motoci a kai masa ita.

Ɗanmusa ya tambaya me ya lalace a motar. Ta ce ba abin da ya lalace, nauyi ta yi.

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ba sunansa na makanike ya fara tunawa ba, ko da yake shi ma ya yi masa ciwo. Bencin nan ya tuna. Idan motar ta bar rumfa, ba sauran abin da zai kawo yaron Jurf ranar Litinin da Laraba, za a koma gaisuwar bakin ƙofa. Kuma shi ba shi da wata hanyar kiransa, tunda ko sunansa ba ya iya faɗa.

Da la'asar ya naɗe littafin a cikin jarida ya tafi kasuwar dabino wurin Shittu. Shittu abokinsa ne na shekara ashirin, mutumin Ilori da ya tashi a Kano, ya yi firamare kafin ya zo Hajji ya ƙi komawa. Shi kaɗai ne ke iya gaya wa Ɗanmusa magana son ransa. Ya sa tabarau ya buɗe littafin, yana bin layi da yatsa yana motsa leɓe, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai Bahaɗeje, ka taɓa tambayar wani abin da aka rubuta a shafin farko?"

Ɗanmusa ya ce zane ya ishe shi.

"To ga abin da zane bai gaya maka ba. Sun ce idan an gama haɗa ta, nauyinta kilo ɗari biyar da sittin ne. Sun ce kada a ƙara mata komai, don duk gudunta a rashin nauyin yake. Ba rowa suka yi ba, da gangan suka rame ta. Kai kuma ka ɗauki barewa ka yi mata kiwon ragon layya."

"Ba su san ƙasar nan ba."

"Su ba su san ƙasar nan ba, kai ba ka san tsere ba. Alhazai nawa za ta ɗauka? Ina ka sa wurin buhun gero?"

Ɗanmusa ya juya ƙwallon dabino a hannu. Can ya ce a ara masa babban sikelin da ake auna buhuna. Shittu ya ce zai ba shi, amma da sharaɗin shi zai riƙa karanta ma'aunin, domin bai yarda da makaniken da ke ganin ƙarfe kamar nama ba.

Da ya koma gida ya ce wa Innayatu ta gaya wa wancan a bar masa motar zuwa tsere na gaba, mako biyar. Idan ta zo ta ƙarshe, shi da kansa zai ja ta ya kai wa Baturken. Amsar da ta dawo kalma ɗaya ce ta Larabci, ɗayyib, wato to. Sabiru bai leƙo rumfar ba a makonnin nan.

Cire ɗamara ya fi ɗaura ta wuya. Walda ce da ya yi don kada ta taɓa rabuwa, yanzu shi ne zai bi ta da zarto da kurfi a hankali, kada ya ji wa siririn bututun da ke ƙasa ciwo. Duk abin da ya cire sai ya ɗora a sikeli, Shittu na zaune a kan benci da butar shayi yana faɗin nauyi da ƙarfi kamar mai dillancin dabino. Bambar gaba kilo talatin da ɗaya. Ta baya ashirin da takwas. Farantin ƙasa hamsin da huɗu. Da aka zo kan maƙalin jarka Shittu ya roƙe shi ya bar masa shi ya rataye a shago, don jikoki su ga abin da aka taɓa sa wa motar tsere. Ɗanmusa ya ce masa mai sayar da dabino mai tsutsa ba shi da bakin magana a kan aikin ƙarfe.

Kowane yanki sai da ya yi gardama da kansa kafin ya sa zarto. Bakan da ke bisa kan direba da sandar gaban ƙafa ya ce ko sama za ta faɗo ba zai taɓa su ba, Shittu kuma bai ja da shi ba a nan. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne farantin mazaunin inji. Kilo tara ne kacal. Ya kwanta a rami ya ƙwanƙwasa wurin, kunnensa ya gaya masa abin da ya sani: an yi mazaunin nan don kwalta mai laushi, filin tseren kuwa tsakuwa ce mai gargada, tana girgiza mota har haƙori. Kwana uku yana kallon farantin. Amma ya riga ya yi kuskure sau ɗaya don ya yarda da kunnensa ya ƙi littafi, kuma yana so yaron ya leƙa ya ga an saurare shi har ƙarshe. Ya cire. Jimillar abin da ya sauka daga jikin motar kilo ɗari da tamanin da bakwai.

Ranar Laraba Sabiru ya zo ɗaukarta. Ya ga tarin ƙarfe a gefen rumfa ya kai gwiwa, ya ga motar ta koma siririya. Ya sa hannu ɗaya ya tura ta, ta gangara. Ya dubi wajen ubansa, uban yana goge sifanar da ba ta da datti.

Ranar Alhamis, sha biyar ga Disamba, mota takwas suka jeru, zagaye goma sha biyu. Ɗanmusa ya zo da a-kori-kurarsa, Shittu a gefensa. Baturken ma yana wurin da motar jansa mai ƙugiya, mutum mai fara'a da gashin baki, yana bin motocin da ya gyara yana leƙa injinsu.

Da aka sauke tuta, Ɗanmusa bai gane motarsa ba. Ta shiga kwanar farko ta biyar, ta fito ta huɗu. A zagaye na uku ta wuce wata shuɗiya ta ciki, har ta taɓa duro. Masu kiranta Dabbaba suka miƙe tsaye a kan motocinsu. A na shida ta zama ta biyu, tana bin ta gaba kamar ta cije ta. Shittu ya cire hula yana kaɗawa, ya manta shekarunsa. Ɗanmusa shi ba kallo yake ba, saurare yake. Tun a zagaye na bakwai ya ji wani ƙaramin sauti ya shiga cikin kukan injin duk sanda ta bi ta kan wata gargada da ke gabas, kamar cokali a cikin kofi. A na takwas sautin ya yi kauri. Ya so ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, bai san da wane suna zai kira shi ba a gaban jama'a, kuma ko ya kira ba za a ji ba.

A zagaye na tara mazaunin ya tsage. Injin ya zauna gefe ɗaya, motar ta yi wutsiya, ta ture tayoyin shinge uku, ta tsaya cikin ƙura. Ɗanmusa bai san sanda ya ƙetare filin ba, mutum mai shekara hamsin da huɗu, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin ya isa Sabiru ya fito, ya cire hular kwano, ba ko ƙwarzane a jikinsa. Uban ya tsaya taku biyar daga gare shi, ya mai da hannuwansa baya.

Wannan ce mota ta farko da ta fita hannunsa ta karye. Kuma sharaɗin da ya gindaya da bakinsa ya cika, domin wadda ba ta gama ba ita ce ta ƙarshe.

Da aka gama tsere Baturken ya matso da motar jansa. Ya tsuguna ya leƙa, ya ce abu ne mai sauƙi, a ba shi kwana huɗu. Ya fara warware sarƙa. Ɗanmusa ya ja da baya ya ba shi wuri.

Sabiru ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya daɗe yana duba tsagewar. Ya shafa tabon waldar da aka kankare. Daga nan ƙarƙashin motar ya yi magana, da Larabci, kuma ba da Baturken yake ba.

"Ya Buya," wato Baba, "me ka cire a nan?"

Ɗanmusa ya waiga, ba Innayatu a wurin. Dole ya amsa da kansa.

"Faranti ne. Kilo tara."

"Ka san za ta karye a nan?"

"Na ji."

"To me ya sa ka cire?"

Ɗanmusa ya dubi ƙafarsa marar takalmi. Ya ce, "An ce ta yi nauyi."

Sabiru ya fito ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ƙura har gashin ido. Ya gode wa Baturken, ya ce masa ya mayar da sarƙarsa. Sannan ya tambayi ubansa ko akwai igiya a a-kori-kura. Akwai, domin Ɗanmusa bai taɓa fita ba igiya ba.

Suka ɗaure injin da waya don kada ya ja ƙasa, suka kama hanyar Jurf a giya ta biyu, uba na ja, ɗa na riƙe da sitiyari a baya, Shittu na rungume da takalmin da ya tsinto. Sun isa ana kiran magariba. Bayan sun yi salla a masallacin unguwa suka tura ta kan rami, Ɗanmusa ya tono farantin daga cikin tarin ƙarfe ya ajiye a benci, ya ce gobe bayan Juma'a za a mayar.

Sabiru ya ɗaga farantin ya auna a hannu. Ya ce kilo tara ya yi yawa, huɗu ya isa, a huda shi a rage. Ɗanmusa ya ce wanda ya huda faranti ya kashe shi. Sabiru ya ce ba a tsakiya za a huda ba, a gefe, ya ɗauki alli ya zana a jikin ƙarfen. Uban ya karɓi allin ya goge biyu daga cikin ramukan, ya ce waɗannan a kan hanyar nauyi suke. Ɗan ya ce ba haka ba ne. Uban ya ce haka ne. Muryoyinsu suka fara tashi, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci, har Innayatu ta fito tsakar gida da ludayi a hannu tana tambayar Shittu lafiya. Shittu ya ce mata ta ƙara shinkafa, mutanen nan ba yanzu za su gama ba.

A kilo shida suka tsaya. Motar ta yi lokacin sanyi uku tana tsere kafin a faɗaɗa shingen filin jirgi ya cinye wurin. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ta uku ta yi sau biyu, kuma kowane mako a rumfar Jurf ake kwance ta a ɗaure, ana gardama.